Nauyin furotin daga SAXS: sekans na cewa 38, lissafi na ba ni 57 zuwa 66

Ƴar Harobanda

Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku, ya zafi. Don Allah waɗanda suka taɓa aiki da SAXS, wato awon watsuwar hasken X a ƙananan kusurwoyi, ku zo ku taimaka min, akwai lissafin da ya tsaya min kuma malamina ya ce sai na kawo masa amsa guda kafin mu rufe babi na huɗu na tez. Ina dokta a nan Yamai, aikina kan wani furotin ne na Plasmodium falciparum, ƙwayar da ke sa zazzaɓin cizon sauro, muna samar da shi cikin E. coli da wutsiyar histidin shida. Amino asid 345 ne, ProtParam, mai lissafa nauyi daga sekans, ya ba ni 38 kDa har da wutsiyar. Tunda babu sinkrotron, babbar na'urar da ke ba da hasken X mai ƙarfi, a Afirka gaba ɗaya, abokan aikinmu na Faransa ne suka kai samfurin Grenoble aka auna a layin BM29 na ESRF, suka turo min fayiloli an riga an cire tampon, wato ruwan da furotin ɗin ke ciki, kauri uku, 1 da 2 da 4 mg/ml, da fayil ɗin BSA, furotin na jinin saniya da aka san nauyinsa, da aka auna a ranar.

Na fara da na 4 mg/ml don shi ya fi tsabta, ɗigon ba su warwatse ba. Layin Guinier ya ba ni Rg, ma'aunin faɗin ƙwayar furotin, 3.0 nm. Da na gwada I(0) nawa da na BSA na samu 59 kDa. Girman Porod 110 nm³, wanda ya kai ni wajen 66. Hanyar Vc cikin manhajar RAW ta ce 57. To guda ɗaya, wato monomer, 38 ne, in sun haɗu biyu biyu, wato dimer, 76 ne, ni kuma duk lambobina sun zo sun zauna a tsakiya. Wani a labo ya ce in ɗauki 66 ɗin in ce dimer ne tunda ya fi kusa da 76, wani ya ce ai SAXS kullum ƙara nauyi yake, in rubuta monomer mai tsawo in huta. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, don in furotin ɗin dimer ne to duk yadda muke tunanin yana aiki cikin ƙwayar cutar zai canza, kuma ba na so in tsaya gaban juri ranar sutnans da maganar da ba zan iya karewa ba. Wace hanya ce ta fi aminci, kuma me ke sa su saɓa haka? Na gode.

Malam Ader

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni malamin fizik ne nan Tawa, na yi aiki da watsuwar hasken X a ƙananan kusurwoyi, kuma lissahin guda ne ko furotin ne ko wani abu. Da farko kada ki yarda ki zaɓi lambar da ta yi miki daɗi, ko 66 ko wata. Bari in yi miki bayanin inda 59 ɗin nan ta hito, don ita ce ta fi tushe cikin ukun.

I(0) shi ne ƙarhin hasken da zai watsu in kusurwa ta koma sihiri, wato 0, ba a auna shi kai tsaye don hasken asali shina wucewa ta nan, shi ya sa muke jan layin Guinier, ln I a kan q² (q ma'aunin kusurwar watsuwa ne), mu ga inda zai taɓa. A wannan wurin duk elektoron na ƙwaya guda suna watsa haske baki ɗaya, don haka kowace ƙwaya tana ba da ƙarhi daidai da nauyinta sau nauyinta. Yawan ƙwayoyin cikin ruwan kuma kauri ne a raba da nauyi. In kinka haɗa su sai nauyi guda ya soke, a bar ki da I(0)/c, wato I(0) a raba da kauri c, daidai gwargwadon nauyi M. Shi ke nan asalin hanyar, kuma kyawunta shi ne ba ruwanta da siffa, dogo ne furotin ɗin, curarre ne, mai lilo ne, duk ɗaya. Wanda yac ce miki SAXS kullum ƙara nauyi yake saboda tsawo, to a wagga hanya tsawo ba shi da hannu.

Amma tana da wuraren da take cin mutum. Babba shi ne c. In kinka yi kuskuren kashi 20 cikin ɗari wajen kauri, kin yi kuskuren wajen kashi 20 a nauyi, babu ragi. Na biyu BSA ɗin kansa. Guda ɗaya wajen 66.5 kDa ne, amma BSA na kwalba kusan kullum da ɗan dimer a ciki in ba a wuce da shi ta kwalon mai raba furotin bisa girma ba, shi ya sa wasu wuraren suke sa 72 a lissahi. Ki tambaye su wanne sunka yi amfani da shi, kuma ki duba Rg nashi, in ya wuce 3 nm da yawa to akwai abin da ke ciki. Na uku tampon. Abin da haske ke gani shi ne bambancin yawan elektoron tsakanin furotin da ruwan da yake ciki, ruwa 0.334 ne a kowane Å³, furotin wajen 0.43, kin ga ratar ba ta da yawa tun farko, to in tampon ɗinki da gliserol kashi 10 ko gishiri mai yawa sai ratar ta ragu, I(0) ya faɗi, nauyi ya hito ƙasa, alhali BSA ɗin wataƙila cikin wani tampon daban anka auna shi.

Akwai hanyar kauce ma BSA gaba ɗaya in an daidaita bayanan da ruwa. Ruwa tsantsa a digiri 20 shina watsa 0.01632 cm⁻¹, Orthaber da Bergmann da Glatter sunka kafa wanga a 2000. In I(0) na cikin cm⁻¹, to ga furotin a tampon na yau da kullum nauyi a kDa wajen 1500 sau I(0) a raba da c na mg/ml. Misali lizozim mai 14.3 kDa a 1 mg/ml zai ba ki kusan 0.01. Mylonas da Svergun sun gwada hanyoyin biyu a 2007 kan furotin da anka san nauyinsu, kuskuren na tsayawa wajen kashi 10 in an yi komi da kyau. Ki riƙe wanga kashi 10 ɗin. Ma'anarshi 59 ɗinki tana iya zama 53 ko 65. Ba ta kai 76 ba, kuma ta yi nisa ƙwarai da 38.

Abin da nike so ki kawo muna shi ne I(0)/c da Rg na kauri ukun duka, kowane daban, da inda kinka hwara layin Guinier da inda kinka tsaya. qRg kada ya wuce 1.3, kuma ki kalli ɗigon farko ko sun ɗaga sama sun bar layi. Kin ba mu guda cikin uku, amsar tana iya zama cikin biyun da kinka aje gehe.

Ɗan Boukoki a Faransa

Salam Malama, Malam barka da dare. Malam ya gama da I(0), ni bari in taɓa sauran biyun tunda su nake fama da su kullum a nan.

Porod da Vc ba su buƙatar c kwata kwata, wannan ne amfaninsu, ko da an yi kuskuren kauri ba ya shafar su. Girman Porod shi ne 2π² sau I(0) a raba da Q, Q kuma jimlar q²I(q) ce a kan dukan kurbu. Furotin busasshe yana cin wajen 1.21 Å³ a kowane dalton, amma girman da SAXS ke gani ya haɗa da ruwan da ya lulluɓe shi da ƴan ramuka, shi ya sa ake raba Vp, wato girman Porod, da wajen 1.6 ko 1.7. Ke 110 000 a raba da 1.66 shi ya ba ki 66 ɗin. Matsalar ita ce lissafin yana ɗauka cewa ƙwayar curarriya ce mai baki a fili, wadda kurbunta ke gangarowa kamar q⁻⁴. In furotin yana da sassa masu lilo kurbun ba ya gangarowa haka, jimlar ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai amsar ta dogara da inda kika yanke q, kuma sau da yawa takan fito sama. Ki gwada da kanki, ki yanke a 8/Rg sannan ki yanke a 0.3 Å⁻¹, ki ga ko 66 za ta tsaya.

Kuma ina zargin furotin ɗinki yana da lilo, don na falciparum an san su da wannan, suna cike da dogayen gutsattsari masu maimaita asparajin waɗanda ba sa naɗewa. Ki sa sekans ɗin cikin IUPred mai hasashen sassa masu lilo, ko ki duba inda AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin, ya ba da maki kaɗan. Sannan ki yi zanen Kratky wanda aka daidaita da Rg, (qRg)² sau I/I(0) a kan qRg. Curarren furotin yana hawa ya kai ƙololuwa a 1.73, tsayi 1.1, ya sauko ƙasa. In naki ya wuce nan ko ya ƙi saukowa to kin san Porod ba abin dogaro ba ne a wurinki.

Vc kuwa Rambo da Tainer ne suka kawo ta a 2013 daidai don wannan matsalar. Maimakon q²I sai a tara qI, wadda take tsayawa ko da furotin na da lilo. Vc shi ne I(0) a raba da wannan jimlar, sai ki ninka Vc da kanta ki raba da Rg, ki sake rabawa da 0.1231, ki samu dalton. In na juya lissafinki baya, Vc ɗinki wajen 460 Å² ne, ki duba ko haka ne. Wannan 0.1231 ɗin daga gwaji aka samo shi a kan furotin da aka sani, na RNA daban ne, kuma da Å aka yi shi. Nan a kula sosai, fayilolin Grenoble da na Hamburg sau da yawa q na cikin nm⁻¹, in aka zuba su haka cikin RAW ba a juya ba, lambar da za ta fito ba ta da ma'ana. Naki ya fito 57 don haka da alama kin juya, na faɗa ne don masu karatu.

Akwai kuma SAXSMoW na mutanen São Carlos a Burazil, kyauta ne a intanet, yana gyara Porod saboda yankewar q. Cikin ATSAS na EMBL Hamburg kuma akwai hanyar Bayes ta 2018 wadda ke haɗa hanyoyi huɗu marasa buƙatar c ta ba ki nauyi da tazarar da yake iya faɗawa. Ki yi su duka, minti biyar ne. Sai dai ina so in ja hankalinki, dukansu daga kurbu ɗaya suke sha kuma dukansu suna ɗauka cewa ƙwayoyin cikin ruwan iri ɗaya ne. In gauraye ne to su ma matsakaici za su ba ki, kuma yardar da suka yi da juna ba ta nuna cewa akwai wata ƙwaya mai 57 kDa a cikin tib ɗin.

Wani abu na ƙarshe, Rg. Ga curarren furotin akan kimanta Rg a Å da 6.5 sau tushe na uku na nauyin a kDa. Na 38 zai ba ki wajen 22, na 76 wajen 27 ko 28. Naki 30 ne. Wannan na iya zama dimer mai ɗan lilo, yana iya zama monomer mai dogayen wutsiyoyi, Rg kaɗai ba ya raba gardamar.

Ƴar Harobanda

Malam na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya na Faransa kai ma na gode. An ɗauke wuta da yamma sai yanzu na samu na zauna, ga abin da na samu.

Da BSA a matsayin 66.5, I(0)/c ya ba ni 50 a 1 mg/ml, 54 a 2, 59 a 4. Rg kuma 2.7 da 2.9 da 3.0. Layin Guinier a miƙe yake a duka ukun har qRg 1.3, ɗigo biyu uku na farko kawai na cire kusa da abin tare haske, kuma ko na mayar da su Rg ba ya motsi sosai. Rg na BSA 2.9 ya fito. Tampon ɗina Tris ne da NaCl 150 mM da DTT mai hana sistein haɗuwa da juna, babu gliserol. Kratky ya yi ƙololuwa ɗan gaba da 1.73, wajen 2, ya sauko amma bai kai ƙasa ba, ya tsaya a kwance. AlphaFold ya nuna wani yanki mai wajen amino asid 40 a tsakiya da maki kaɗan, kuma wallahi kusan rabinsa asparajin ne kamar yadda ka ce. Porod da na canza wurin yankewa ya yi yawo tsakanin 62 da 70, Vc kuwa ba ta wuce 56 zuwa 58 ba. Vc na 1 mg/ml ta ba ni 49 amma ɗigon sun warwatse a babban q.

Kauri kuwa a nan Yamai na auna shi da na'urar NanoDrop mai auna shan haske kafin mu daskarar mu aika, su can suka narkar suka yi santirifij suka tsinka daga na 4 ɗin. Triptofan ɗaya kawai furotin ɗin yake da shi da tirozin 14.

Inna ta labo

Ƴata sannu da aiki. Ni ban san Porod ba amma na daɗe ina tsarkake furotin, kuma layinki na ƙarshe shi ya tsayar da ni. Kaurin da kika auna a Yamai ba lalle ne shi ya shiga gaban haske a Grenoble ba. Samfurin ya daskare, ya yi tafiya, ya narke, an yi masa santirifij. Duk wanda ya taɓa narkar da furotin na falciparum ya ɗaga tib ya ga ɗan farin nan da ke kwance a gindi ya san abin da nake nufi. Wannan farin furotin ɗinki ne da ya fita daga ruwa, kuma ke kina rabawa da 4 kamar yana nan. In kashi 20 da ɗan wani abu ya tafi, 59 ɗinki ta zama 76 cif. Don haka ni ban yarda a jefar da maganar cikakken dimer tun yanzu ba.

Kuma awon kansa. A ma'aunin shan haske na 280 nm triptofan guda 5500 ne, tirozin 1490 kowanne, naki duka bai kai 27 000 ba, wato 1 mg/ml zai sha hasken 280 wajen 0.7 ne kawai. Ɗan DNA kaɗan da ya biyo furotin daga E. coli zai ɗaga wannan lambar, DTT da ya tsufa shi ma yana sha a 280, imidazol mara tsabta haka. Dukansu hanya ɗaya suke turawa, su sa ki ga kamar furotin ya fi yawa, nauyi ya fito ƙasa. Ki duba 260 a kan 280 a littafinki na labo, mai tsabta wajen 0.6 ne, in ya kai 0.8 ko 1 akwai DNA. Kuma da wane ruwa kika yi sifirin na'urar? Ya kamata ya zama ruwan diyaliz na ƙarshe, shi ne kuma ya kamata a aika a cire a SAXS ɗin. Ki rubuta musu ki tambaya ko sun sake auna kauri bayan santirifij, masu kula sukan yi, wataƙila yana cikin littafinsu ba su turo miki ba ne kawai.

Malam Ader

Inna maganarki gaskiya ce kuma tilas a yi wagga tambaya. Amma ki duba abu biyu. Tunda daga tib guda anka tsinka ukun, duk kuskuren da ke cikin c shina shahwar su daidai, zai ɗaga su tare ko ya sauke su tare, ba zai sa su hau 50, 54, 59 ba. Cikakken dimer da ba ya rabuwa zai ba da lamba guda a kauri ukun, ko ma ta ɗan sauka a mai kauri in ƙwayoyin suna ture juna. Sannan Vc ba ta san c ba kuma ita ma ta tashi daga 49 zuwa 57, Rg ma ya hau. Abu uku na hawa tare da kauri.

Ƙanwata, abin da I(0)/c ke ba ki a gauraye shi ne matsakaicin nauyi gwargwadon yawan furotin da ke cikin kowane iri. Kamar a ɗora buhunan albasar Galmi a mota, wasu ɗai ɗai wasu an ɗaure su biyu biyu, sai a ba ki matsakaicin nauyin ƙunshi, zai hito buhu da rabi alhali babu ƙunshi ko guda mai buhu da rabi. In munka ɗauka 38 da 76 ne kawai a ciki, 59 na nuhin wajen kashi 55 na furotin ɗin na cikin dimer, 54 wajen kashi 42, 50 wajen kashi 32. Na zauna na gwada su da dokar daidaito ta monomer da dimer, 1 mg/ml naki wajen 26 µM ne, kuma ukun suna tahiya da Kd, ma'aunin yadda dimer ke rabuwa, guda na wajen 80 µM. Wanga ya burge ni ƙwarai, amma kada ki rubuta 80 a tez kamar an auna shi, ɗigo uku ne kuma in maganar Inna ta tabbata duk lambobin za su gusa.

Akwai abu biyu da ke iya yin kama da haka kuma sai kin kore su. Na farko gudaji. Ƙarhin haske na tahiya da nauyi sau nauyi, don haka ƙaramin gudaji na da babbar murya. In kashi 1 kacal na furotin ɗinki ya dunƙule ashirin ashirin, matsakaicin zai hau da kashi 19. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne Guinier ɗinki a miƙe yake, gudaji yakan ɗaga ɗigon farko. Ki ƙara da P(r), kurbun tazarar da ke cikin ƙwaya, daga manhajar GNOM a kauri ukun, in Dmax, wato iyakar tsawon ƙwayar, na tsayawa kusan wuri guda kuma kurbun na sauka ƙasa lahiya lau to dimer ne ke ƙaruwa, in wutsiya ce ke ta ƙara tsawo ba iyaka to gudaji ne. Ki kuma tambayi hotunan ɗai ɗai kahin a haɗa su, don haske da kanshi shina ƙona furotin ya sa shi dunƙulewa, ana gane shi in I(0) na hawa daga hoto na farko zuwa na ƙarshe. Na biyu jan juna tsakanin ƙwayoyi ba tare da sun manne ba. Da gishiri 150 mM da kauri da bai wuce 4 ba, hawan kashi 18 ya yi yawa a ce wanga ne kaɗai, amma SAXS shi ɗai ba shi iya rantse miki.

Abin da zan ce ki rubuta shi ne tabulo mai kauri ukun da Rg da Dmax da nauyi daga kowace hanya, kamar yadda ƙa'idojin bugawa na 2017 na Trewhella da abokan aikinta sunka nema, ki ce bayanan sun yi daidai da monomer da dimer masu sauyawa da kauri. Kuma don Allah kada ki sa wanga kurbu cikin manhajar DAMMIF ki hiddo siffa mai kyau ki manna a tez, siffar abin da babu shi ce za ta hito.

Ɗan Boukoki a Faransa

Na yarda da Malam. Ƙarin da zan yi, tunda kina da samfurin AlphaFold, ki sa ya yi miki na dimer ma, sai ki ba OLIGOMER na ATSAS su biyun ya nemo kason kowanne a kurbu ukun. In kason ya fito kusa da 32, 42, 55 to hanya biyu sun haɗu. Sai dai yankin asparajin ɗin nan zai ɓata daidaituwar a tsakiyar q don siffa ɗaya tak AlphaFold ya ba shi alhali yana lilo, kada χ², ma'aunin daidaituwar, ya tsorata ki.

In za a sake samun lokaci a BM29 ki nemi SEC-SAXS, samfurin na fitowa daga kwalon kai tsaye zuwa haske, gudaji ya wuce gaba, tampon kuma daidai yake. Amma ki sani kwalon na tsinka samfur sau da yawa, da Kd irin wannan yawancinsa monomer zai koma, don haka a ɗora shi da kauri sosai, kuma a ƙara awo na tib a 0.5 da 8 ko 10 mg/ml in furotin ɗin zai jure. A ƙasa ya kamata ya nufi 38, a sama ya nufi 76 ya fara kwanciya, kwanciyar nan ita ce shaidar da gudaji ba ya iya bayarwa.

Inna ta labo

To Malam na ji, hawan ban da amsarsa. Amma ƴata ba sai kin jira Grenoble ba, akwai abin da za ki yi a nan cikin sati. In kuna da kwalon Superdex 200 ki ɗora furotin ɗin da kauri daban daban, mai sauyawa tsakanin ɗaya da biyu yana fitowa da wuri in ya yi kauri, ya yi jinkiri in an tsinka shi, kuma bayansa na ja. In babu kwalon, glutaraldehid kaɗan na ƴan mintuna a kauri uku, ki kashe shi da Tris ki zuba a jel SDS, ki ga ko layin 76 na ƙara duhu. Ki canza tampon zuwa HEPES ko fosfat kafin nan don Tris na cinye glutaraldehid. Kuma ki yi jel ɗaya ba DTT, in akwai sistein a waje dimer ɗin na iya zama na disulfir da ya haɗu a hanya bayan DTT ya mutu, da zafin nan namu ba ya daɗewa.

Ƴar Harobanda

Allah ya saka muku da alheri dukanku. Na duba littafina, 260 a kan 280 ya kasance 0.62, kuma da ruwan diyaliz na yi sifiri, shi na aika musu. Na rubuta musu yanzu ina tambayar kauri bayan santirifij da hotunan ɗai ɗai da ko an daidaita da ruwa. Sistein biyu ne a sekans, ɗaya AlphaFold ya sa shi a waje, don haka Inna jel ɗin da ba DTT shi zan fara yi gobe in sha Allah, akwai sauran samfur a konjelatar daga tsarkakewa ɗaya da wanda aka aika. Superdex muna da 75 ne kawai, ban san ko za ta raba 38 da 76 da kyau ba tunda iyakarta wajen 70 ne.

Inna ta labo

Za ta nuna miki gusawar, ita kike nema. Dimer ɗin zai matso kusa da inda manya ke fitowa, don haka ba za ki bambanta shi da gudaji a kanta ba, amma ki wuce da dekstran shuɗi ki san wurin, ki wuce da ovalbumin mai 44 da BSA a rana ɗaya da tampon ɗaya. Ki sa DTT sabo da safen, kuma ki yi a ɗaki mai sanyi in janareto na aiki.